Kifin da Baba Ya Saya Ya Ƙi Ci

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa daga ƙaninki. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, da bayin Allahn da kike ta tsira wa allura a wannan asibiti naku na bayan duniya. Direban motar da ke kai muku magani ya ce har yanzu sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin ya samu sabis a wajenku, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Mu nan lafiya lau. Shago yana tafiya, gashi bai daina tsiro a kan mutane ba. Baba ma ƙalau yake, yana ci yana sha, gwiwar nan ce kawai take yi masa tsiya idan zai hau bene.

To ga labari, amma ki nemi wuri ki zauna tukuna. Baba ya sayi kifi. Ba na tukunya ba, mai rai, na kallo. Ina tsakiyar yi wa wani aski na ga motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, ƙarti suna sauke akwatin gilashi da ya kusa gado tsawo. Da ƙyar da nishi suka haye da shi sama. An ajiye shi a falo, daidai inda teburin gyaran agogon Baba yake kafin ya daina aiki. Kifin dangin tarwaɗa ne, amma na wata ƙasa: kai faffaɗa kamar shebur, jiki zane-zane, ga gashin baki zaƙo-zaƙo ya kai rabin jikinsa. Tun da na fara sana'a, shi ne mai gashin baki na farko da ya shigo gidan nan na rasa ta inda zan rage masa. Mun sa masa suna Mai Gashin Baki.

Matsalar ita ce tun da ya zo bai sa komai a bakinsa ba. Mai shagon kifi ya ce a wajensa ƙananan kifaye masu rai yake haɗiya. Baba ya ce shi ba zai zauna a falonsa yana kallon ana haɗiye mai rai ba, sai dai kifin ya koyi cin yankakke. Mun ba shi ɗanyen kifi, mun ba shi jatan lande, mun ba shi ƙwayoyin nan na gwangwani. Ko kallo ba su ishe shi ba. Ya shige cikin wani guntun bututu da aka sa masa a ƙasan ruwa, gashin bakin kawai ake gani a waje.

Yanzu ga inda abin ya shafe ki. Baba ya karanta takardarki wadda kika ce kin gyara masa ɗaki a gidanki, wai tunda ya bar tukunya ta ƙone a kan wuta, zaman kaɗaici ya isa haka. Ya ninke ta, ya sa a ƙarƙashin rediyo. Ba a daɗe ba sai ga kifi. Ya ce in rubuta miki maganarsa yadda ya faɗa: idan watan gobe ya ƙare kifin nan bai ci ba, ko ya mutu a hannunsa, to ya yarda ba zai iya riƙe kansa ba, ki turo mota ya bi ta ba gardama. Idan kuwa ya ci, ki bar shi a gidansa, kada a ƙara tayar da zancen.

Ni dai ɗan aike ne, na isar.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na amsa sallamarka. Muna lafiya, sai aiki da ya yi mana yawa, don an ɗauke abokiyar aikina ba a kawo wata ba. Yara suna gaida kawunsu. Ka gaida min Baba, ka ce masa maganin gwiwar da na aiko na shafawa ne, ba na ajiyewa a kan firji ba.

Na karanta takardarka sau biyu. Karon farko na yi dariya, karo na biyu ban yi ba. Wai kai ɗan aike ne. Ɗan aiken da ke ƙasan bene, wanda ko tari Baba ya yi yana ji, amma aka sayi akwati kamar gado bai sani ba sai da mota ta tsaya? Baba bai taɓa kiwon ko kaza ba. Inna, Allah ya jiƙanta, babu irin roƙon da ba ta yi ba ya bari ta ajiye kyanwa, ya ƙi. To wa ya nuna masa hanyar shagon kifi? Na san duk mai sana'a a layin nan a kujerarka yake zama a yi masa aski ana zuba surutu.

Kuma me ya sa aka zaɓi abin da ba ya ɗaukuwa? Da tsuntsu ne, sai in ce a sa kejin a mota, shi ke nan. Sai aka nemo abu mai ruwa ganga-ganga aka kafa a tsakiyar falo. Wannan dabara ba ta yi min kama da ta Baba ba. Ta fi kama da ta mutumin da shagonsa ke ƙarƙashin gidan da aka ba Baba haya, wanda ya san in Baba ya tashi, mai gida zai iya cewa shi ma ya tattara almakashinsa.

Kada ka ji haushi, abin da ya zo min a rai na faɗa. Ni ba neman suna nake yi ba. Na ga tukunyar nan da idona lokacin da na zo, gindinta har ya huje. Da labule ne ya kama fa? Kai kana ƙasa da injin aski a kunnen mutum, sai dai maƙwabta su gaya maka. Tun daga ranar, in na kwanta sai in ji kamar warin hayaƙi.

Duk da haka na yarda da sharaɗin, don maganar Baba ce. Amma ci nake nufi, ci na gaskiya, ba a wayi gari a ce min "ai ya ci" ba. Na rubuta wa Gwaggo ta riƙa leƙowa tana dubawa. Ƙanwarsa ce, ba zai kore ta ba, kuma ita ba ta da shago a ƙasan benen kowa.

Yayarka

*

Yaya,

Barka da aiki, Allah ya kawo miki mataimakiya. Baba yana gaishe ki, ya ce ya sauke maganin daga kan firji, yanzu yana kan taga. Ni ma lafiya, in ban da maganganun da ke cikin takardarki.

Na so in mayar miki da zafi-zafi, sai na tuna reza nake yini ina ɗorawa a wuyan mutane, na bari na huce. Ban kai Baba shagon kifi ba. Ban ma san da shagon ba sai da wannan abu ya faru. Maganar kora kuma, aski ko a gindin bishiya ana yi, na taɓa yi, ban mutu ba.

Jakadiyarki ta iso. Bari in gaya miki aikin da ta yi mana. Mai shagon kifi ya ce baƙon kifi irin wannan duhu yake so da shiru. A rufe akwatin da bargo, a rage fitila, a daina zarya a gabansa, a bar yunwa ta yi aikinta. Baba ya riƙe wannan magana gam, ya fi yadda yake riƙe taki. Har rediyo ya daina kunnawa a falo, takalmi ma a bakin ƙofa ake cirewa. Ana haka sai ga Gwaggo. Da shigarta ta ce, "Wane irin zaman makoki ne wannan da rana tsaka?" Ta yaye labule, ta yaye bargo, ta hau ƙwanƙwasa gilashi da zobe tana cewa, "Kai malam, fito mu ga abin da ya hana yayana barci." Da Baba ya shiga banɗaki, sai ta ce ba a taɓa barin baƙo da yunwa a gidanmu ba, ta ɗauko ragowar shinkafa da mai ta juye masa.

Kafin la'asar ruwan ya koma kamar na wanki. Kifin ya taso sama yana haki. Na rufe shago da mutum a kujera rabin kansa a aske, na hau jido da bokiti. Muka kwashe shinkafa, muka wanke injin tace ruwa, muka canza rabin ruwan. Baba bai yi mata faɗa ba. Ya dai raka ta bakin bene, ya dawo ya kulle falo, ya jefa makulli a aljihu.

Yanzu ni ma ina da tambaya, ki ba ni amsa tsakani da Allah. Me kika rubuta wa Gwaggo? Don da ta sauko ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Ai gara ya mutu kowa ya huta, yayarka har katifa ta saya." Ban ce ke kika sa ta yi mana ƙafar ungulu ba. Amma ke kika fara duba wanda zai ci riba da wanda zai faɗi, to ni ma na iya wannan kallon. Kifin nan in ya mutu, wa ya samu abin da yake so?

Game da ci, har yau shiru. Mai shago ya ce a soke siririn yankan kifi a dogon tsinke, a kai shi bakin bututun bayan magariba, lokacin da irinsu suke fita farauta. Ni nake yi. Kin san hannuna, gyaran fuska nake yi da shi ban taɓa yankar kowa ba. Nakan riƙe tsinken cak har kafaɗata ta ƙage. Sai ya turo gashin baki ya shafa naman, ya shafa, ya ja da baya abinsa. Cikinsa ya fara lotsawa. Baba yana zama a gefe a kan kujerar roba, ya zuba wa bututun nan ido kamar mai jiran a kira sunansa a layin likita. Wallahi tausayi yake ba ni, Yaya. Ba kifi yake kallo ba, gidansa yake kallo.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. A tsaye nake rubutu, direba yana ta danna hon. Kowa lafiya.

Albishirinki. Mai Gashin Baki ya ci. Ya ci shekaranjiya, ya ƙara jiya. Baba ne ya ba shi. Maganar mota ta wuce ke nan.

A gaida yara.

Auta

*

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma haka, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Takardunka biyu tare suka iso, don ruwa ya ci gada, motar ta daɗe ba ta zo ba. Ta Gwaggo ma tana cikinsu, da ita na ƙarasa.

Bari in fara da amsar tambayarka. Abin da na rubuta wa Gwaggo shi ne ta duba, ba wani abu ba. Shinkafa aikin kanta ne, kuma na rubuta mata abin da ba za ta ji daɗinsa ba. Katifa kuwa na saya, ban ga laifin 'ya ta saya wa ubanta katifa ba. Amma ka zarge ni da neman ran kifi don in ci galaba a kan Baba? Wannan ta shige ni, ka sani.

To mu zo ga albishir. Kai da ka cika takarda gaba da baya da labarin shinkafa, har da wanda ka bari da rabin kai, ranar da abin da muke jira ya faru sai ka zama mai taƙaitawa? Auta, a bayana ka yi wayo. In kana da gaskiya bakinka ba ya rufuwa. In ka fara magana gutsi-gutsi, akwai abin da ka taka. Ta yaya ya ci? Me ya canza? Kai mai hannun da ba ya motsi ka yi ta fama ka kasa, sai kwatsam a ce Baba ya ba shi ya karɓa?

Ga abin da Gwaggo ta rubuto. Ta ce ta zo da hantsi ta same ka kana saukowa daga bene da 'yar raga a jiƙe da leda a ƙulle, ta tambaye ka, ka ce shara ce. Ta ce a buɗe falo a ba shi a gabanta, Baba ya ce ba ya ci a gaban mutane. Ta ce to a ɗauka a waya a nuna mata, kai ka yi caraf ka ce duhu ya yi yawa. Ta ce Baba ma ya canza mata. A da shi yake zuba mata shayi da kansa, yanzu sai ya ce ta zuba, shi ya sha nasa. Yana zaune hannu a aljihu, yana amsa ta da ƙyar, kamar wanda ake jira ya tashi.

Ni ga yadda na haɗa abin, in na yi kuskure ka gyara min. Baba yana jefa nama da magariba ya rufe bargo. Kai kana hawa da safe ka tsame shi da raga, ka ce masa an cinye. In haka ne, ba ni kake yaudara ba, tsoho kake yaudara. Wata rana zai ɗaga bargo ya tarar da kifi ya juya ciki sama, a lokacin ni na riga na saki jiki na ce komai lafiya. In kuma shi da kai kuka haɗa baki, to wannan ya fi muni, don ban taɓa sanin Baba da ƙarya ba sai da aka sa shi.

Ba na neman abu mai wuya. Ko a ba shi a gaban Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa, ko ka ɗauka a waya ka ba direba ya nuna min. Fitilar waya ta isa, ni ma da ita nake ɗinki in an ɗauke wuta.

Yayarka

*

Yaya,

Na gode da gaisuwa, Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Mu ƙalau.

Abin da ke cikin ledar nan kashin kifi ne. Da raga ake kwashe shi daga ƙasan akwati don kada ruwa ya ɓaci. Wanda ya ci shi yake yin sa, ke ma'aikaciyar asibiti ce, ba sai na yi miki bayani ba. Da na san shaida ce da na ƙulle miki shi na ba direba.

Maganar duhu kuwa, kin kama ni. Ba duhu ne ya hana ni ɗauka ba. Wayata tana ɗauka sarai. Ba zan ɗauka ba ne kawai, kuma ba za a ba shi a gaban Gwaggo ba. Akwai abin da na gani a falon nan ranar da kifin ya fara ci. Baba ya ce kada ya fita daga bakina, na ce to. Tun da nake da shi bai taɓa roƙona komai ba, kullum umarni ne. Ranar roƙona ya yi.

Kifin yana ci, Allah ne shaidata. Cikinsa ya ciko, ya fara fitowa yana zagaya akwati, har yana tunkuɗe dutsen da aka sa masa. Baba ya cika sharaɗinsa. Ba ni da abin da zan nuna miki sai maganata, kuma na ga ba ta da daraja a wajenki. Kin ce ina riƙe Baba saboda shago, na haɗiye. Yanzu kin ce ina yaudarar ubana da raga. Wannan ta ƙi wucewa. Ni nake hawa benen nan safe da yamma, ni nake duba ko ya kashe gas, ni nake yanke masa farcen ƙafa. Ban taɓa rubuta miki wannan ba don ban ɗauke shi aiki ba.

Ki kira ni maƙaryaci in kin ga dama. Na ɗauka.

Auta

*

Auta,

Na samu takardarka. Da fatan kuna lafiya, kodayake yanzu ban san me kalmar take nufi a bakinka ba.

Ka ce akwai abin da ka gani, ba za ka faɗa ba. Kana tsammanin wannan zai kwantar min da hankali? Tun da na karanta nake ta jero abubuwa a kaina. Faɗuwa ya yi? Suma ya yi? Ya kira ka da sunan wani? Yau har na kusa ba mara lafiya maganin da ba nasa ba. Ina nan inda ko waya ba ta shiga, ubana yana can da wani abu, ƙanina ya sani, ya ce ya yi alkawari.

Sharaɗi ci ne da za a gani. Ban gani ba, wakiliyata ba ta gani ba. Wata ya zo ƙarshe. Na yi magana da direba, zuwansa na gaba zai bar wuri a bayan mota. Ka haɗa wa Baba kayan sawa da magungunansa. Kifin ka mayar wa mai shi, ko ka riƙe.

Ka yi fushi da ni in za ka yi. Gara ka yi fushi yana raye a gabana.

Yayarka

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da jikokina. Allah ya yi muku albarka. Ni ne da kaina, ba Auta ba. Ki yi haƙuri da rubutun, na san layukan sun hau juna. Ki karanta a hankali, bayanin yana zuwa.

Jiya ƙaninki ya yanki kunnen wani malamin makaranta. Kaɗan ne, amma ya hau bene ya zauna a ƙasa kamar an yi masa mutuwa. Da na matsa masa ya ba ni takardunki. Na karanta duka. Na ga ni na sa 'ya'yana biyu suna yi wa juna kallon ɓarayi. Don haka na sake shi daga alkawarin, amma na ce ni zan faɗa.

Hannuna na dama yana rawa. Ya fi shekara. Ya fara da babban yatsa, yanzu har wuyan hannu. Da na ce muku na naɗe teburin agogo don idona ya gaji, idona lafiyarsa lau. Ƙaramin noti ne na kasa sawa a raminsa, na yi ta bi yana gudu, mai agogo yana tsaye yana kallona. Na mayar masa da abinsa na ce ba ya gyaruwa. Ba wanda ya sani. Aljihu yana rufa wa mutum asiri ƙwarai.

Kifi ni na je na saya, Auta bai san komai ba. Na so in ga ko akwai abu mai rai da zai rayu a hannuna. Na bar wa Auta tsinke don kada ya ga hannun. Ran nan ya gaji da riƙo, aka kira shi ƙasa, ya jingine tsinken ya fita. Na duba ba kowa, na ɗauka na sa a ruwa. Na yi iya ƙoƙarina in tsayar da shi, ya ƙi. Naman ya hau rawa a bakin bututu, yana karkarwa kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo. Sai na ga gashin baki ya miƙe. Sai kai ya fito. Ban ma ga buɗe bakin ba, ji kawai na yi an fizge ni har kafaɗa, tsinke ya dawo ba komai. Ashe shi abin da yake jira ke nan, abu ya motsa. Na Auta a tsaye yake ƙyam, shi ya sa ya raina shi.

Na juya sai na ga Auta a bakin ƙofa. Ya ga kifin, ya ga hannun. Shi ya sa ba a ɗauka a waya ba, don duk wanda ya ga cin ya ga rawar.

Tun da hannun nan ya fara wannan hali ban ga amfaninsa ba sai a wajen kifin nan. Yanzu da ya ji motsina yake fitowa. Da magariba ina da wanda yake jirana.

Sharaɗi na cika shi. Amma na san ba kifi ne damuwarki ba. Ke kin san sunan wannan ciwo, ni ban sani ba, kuma ina tsoron in ji. Ina tsoron ɗakin da kika gyara ma, duk kyansa. A nan na san kowace matakala ko da duhu, a nan mahaifiyarku ta zauna. Amma in mota ta zo zan shiga, ba zan ja da ke ba, don ba zan zauna a gida 'ya'yana suna gaba a kaina ba. Yanzu kin san komai, sai ki yanke.

Abu ɗaya na umarce ki. Ki nemi gafarar ƙaninki.

Mahaifinki

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan ka tashi lafiya. Mu duka ƙalau.

A ɗakin ajiye magani na karanta takardarka, na kulle ƙofa. Tun kafin in kai ga bayanin, rubutun ya gaya min. Na yi kuka, Baba, ba zan ɓoye ba.

Ba zan sa wa ciwon suna daga nesa ba. Rawar hannu iri-iri ce, da yawa ana shan magani ta lafa, mutum ya ci gaba da harkarsa shekara da shekaru. Sai likita ya gani. Maganar likita kuwa ba ta cikin sharaɗi, don haka a wannan ba zan saurara maka ba.

Abin da ya fi yi min ciwo ba hannun ba ne. Ka fi shekara kana ɓoye shi a aljihu, ba don baƙi ba, don ni. Ka san abin da zan yi in na gani, kuma ba ka yi kuskure ba, da tuni na turo mota. Tsoro ne ya yi min yawa, har na mayar da kaina abin tsoro a wajen ubana.

Na gaya wa direba ya cika bayan motarsa da kwalayensa, ba a bukatar wuri. Na samu hutu da ƙyar. Ni zan zo, a kujerar gaba, da jaka ɗaya. Gafarar Auta ba ta takarda ba ce, a shagonsa zan tsaya kafin in hau bene, in ya ga dama ya sa ni jira a layi.

Kifi ya ci, na yarda, ba na bukatar shaida. Kana gidanka, Baba. In na zo, ka bar ni in zauna a bakin ƙofar falo da magariba. Ba zan motsa ba, ba zan ce komai ba.

'Yarka